Zanen bangon masu zanga-zanga a Alƙahira da Khartoum: ta yaya aka yi su?

Sadiya Zane:
Assalamu alaikum. Hotunan bangon titin Mohamed Mahmoud da ke Alƙahira na zanga-zangar 2011 da 2012 iri biyu ne: wasu ƙanana, fuska ɗaya an maimaita ta kamar an buga hatimi, wasu kuma manya masu launi kala-kala. Me ya kawo bambancin, da wane kaya aka yi su? Kuma ana cewa zanen "Larabawa" ne, alhali ina ganin siffofin zamanin Fir'auna a ciki. Masana a taimaka.

Habu Mai Allo:
Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Lokaci ne ya raba su. Wanda yake da minti ɗaya kafin 'yan sanda su ɓullo, sitensil yake yi, irin yadda ake buga suna a jikin buhu ko bencin makaranta. Duk wahalar a gida ake shan ta.

Ana ɗaukar hoton mutum a mayar da shi baƙi da fari zalla, a kashe duk wani toka-toka. Sai a kwafe shi a kan kwali mai kauri ko tsohon fim ɗin hoton ƙirji na asibiti. Fim ɗin ya fi, don kwali yana shan fenti ya yi laushi, bakin yankan ya lanƙwashe. Da reza ake fitar da wuraren baƙi. Inda ake yin ɓarna shi ne farin da baƙi ya kewaye, kamar tsakiyar ido: in ba a bar siririyar gada ta milimita 3 zuwa 5 ta riƙe shi ba, faɗuwa zai yi, fuskar ta zama dunƙulen baƙi. Rubutun Larabci ya fi tsananin wannan, saboda mim da wawu da fa da ƙaf da sad duk suna da ciki rufaffe. Ga ɗigo, in ya matsu da harafi fenti ya haɗe su, ba ya koma wani abu dabam. Bahia Shehab, wata mai zane a Alƙahira, ta yi amfani da "la", wato a'a, wadda ta tattaro siffofinta daga tsofaffin rubuce-rubucen Musulunci. Haruffa biyu ne, suna jure yanka, kowa kuma yana karanta su daga nesa.

A wajen feshi, a manne sitensil da bango sosai da salatif ko tafin hannu, gwangwani ya yi nisan santimita 20 zuwa 30, a wuce sau biyu sama-sama. In an matso, fenti ya zubo kamar hawaye. In kwalin ya ɗaga, feshin ya shiga ta ƙarƙashi, gefen ya dushe. Iska ma tana kwashe rabin fentin.

Hajiya Rabi T/Wada:
Malam Habu ya gama da ƙananan. Manyan ba sa yiwuwa sai titi yana hannun jama'a. Mohamed Mahmoud ya taso ne daga dandalin Tahrir ya nufi wajen da ma'aikatar cikin gida take a lokacin, ga kuma doguwar katangar Jami'ar Amurka ta Alƙahira a gefensa. A arangamar Nuwamba 2011 an kashe fiye da mutum 40 a wurin, da yawa kuma suka rasa idanu, shi ya sa kike ganin fuskoki da bandeji a ido ɗaya. Bayan kisan filin ƙwallo na Port Said ranar 1 ga Fabrairu 2012, inda fiye da 70 suka mutu, mai zane Ammar Abo Bakr da abokansa suka zana matasan da aka kashe da fukafukai. Alaa Awad, wanda ya zo daga Luxor, garin kaburburan Fir'aunoni a kudancin Masar, da burushi ya yi nasa, ba feshi ba.

Dalilin burushi kuɗi ne da faɗi. Gwangwanin feshi mai mililita 400 da ƙyar yake rufe murabba'in mita 2, bokitin fentin gida kuwa zai shafe katanga guda. Ana fara shafa fari, a raba hoton da ke takarda gida-gida, a ja irin layukan da alli a bango, a cike gida ɗaya bayan ɗaya a kan tsani. Wanda ya tsallake wannan, kai zai fito ya fi jiki, don daga kan tsani ba a ganin zanen gaba ɗayansa. Matsala ta biyu bangon ne: in akwai farar ƙasa a kai, sabon fenti ba ya kamawa, yana ɓarewa da ita. Sai an kankare.

Hukuma ta shafe katangar a Satumba 2012, cikin kwanaki aka sake cika ta. Abin da ya kashe aikin shi ne dokar zanga-zanga ta Nuwamba 2013, da rushe wani sashen katangar a 2015.

Ustaz Bashir Maiurno:
Hajiya, Allah ya saka. Ni zan taɓa tambaya ta biyu, don a ganina lakabin "zanen Larabawa" ya yi wa abin kaɗan. Harshen rubutun Larabci ne, taken "jama'a na son kifar da gwamnati" ma ya tashi daga Tunisiya ya zagaye. Amma da jama'a suka zo zana siffar kansu, kowa gida ya koma. Matan makoki na Alaa Awad daga bangon kaburburan Luxor ya ɗauko su, yana cewa ke nan Masar ta girmi masu mulkinta. A zaman dirshan na gaban hedikwatar soja a Khartoum, daga 6 ga Afrilu 2019, mata masu zanga-zanga Kandaka ake kiran su, sarautar sarauniyoyin Kush, tsohuwar daular Sudan, tun kafin Larabci ya iso yankin. An kuma rera cewa duk Sudan Darfur ce, wato yankin yamma da aka yi yaƙi, martani ga gwamnatin da ta daɗe tana raba Balarabe da wanda ba shi ba. A Aljeriya kuwa, a 2019, an kama mutane don ɗaga tutar Amazigh, wato Berber, mutanen asali na Arewacin Afirka.

Bayan tarwatsa zaman ranar 3 ga Yuni, akasarin zanen wurin an shafe shi. Assil Diab, mai zane 'yar Sudan, ta bi wata hanya: tana zana fuskar wanda aka kashe a katangar gidan iyayensa, da yardarsu. Shafe wannan ya fi wuya, don sai an zo ƙofar masu makoki.

Habu Mai Allo:
Gaskiya ne, Ustaz, sai dai akwai guda ɗaya da ya ratsa ko'ina: Handala, yaron Bafalasɗine ɗan shekara goma da mai zanen barkwanci Naji al-Ali ya fara zanawa a Kuwait a 1969. Ya juya baya, hannu a goye, ƙafa ba takalmi, gashi tsilli-tsilli. Ta fuskar sana'a, babu ido babu baki, don haka gada kaɗan yake buƙata, ko ɗan koyo zai yanka shi daidai. Mai shi, Naji al-Ali, an harbe shi a Landan a Yuli 1987, ya rasu a Agusta. Ali Farzat, mai zanen barkwanci na Siriya, kuma karya masa hannuwa aka yi a Agusta 2011. Shi ya sa, Malama, yawancin ƙananan da kika gani ba su da sa hannu.