Nauyin CubeSat ya saɓa a wuri uku, wanne za a yarda da shi?

ɗan_lissafi: Assalamu alaikum. Tauraron ɗan'adam ne ƙirar CubeSat 6U (ƙaramin tauraro mai girman akwatina shida na kimanin santimita 10 kowane gefe), wanda ƙa'ida ta ce kada ya wuce kilo 12. Teburin Excel na nuna kilo 10.9, zanen CAD (zanen ƙira na kwamfuta) 11.6, takardar kamfanin harbawa kuma wani adadin daban. Jerin telemetiri, wato bayanan awo da tauraron ke aiko wa ƙasa, shi ma ya saɓa tsakanin manhajar tauraron da tashar ƙasa. SysML, harshen zana samfurin tsarin na'ura a kwamfuta, zai kashe wannan matsala, ko manhajar zana samfuri ta Capella ta fi?

injiniya_b: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye zaɓen manhaja tukuna. Kowane ɓangaren tauraron ya samu lambar shaida ɗaya, kowane adadi ya samu mutum ɗaya da ke da ikon canza shi, sauran su ja adadin daga samfuri guda na kwamfuta kawai. Kwafa da hannu ke haifar da saɓanin.

Duba CAD da farko. Fayil ɗin zanen 3D (STEP) na mai sayar da kaya yakan shigo a matsayin dunƙule, sai a ba akwatin rediyo nauyin alminiyum tsantsa, giram 2.7 a kowace santimita kubik, alhali cikinsa fayau ne. Excel kuma yakan manta wayoyi, kusoshi da gam. Sannan a raba ainihin ƙiyasi da rarar kariya. Hukumar sararin samaniyar Turai (ESA) na ƙara 5% ga kayan da aka saya yadda suke, 10% ga wanda aka ɗan gyara, 20% ga sabon ƙira, sai 20% a kan jimilla. In kowane reshe ya ɓoye tasa rarar cikin adadinsa, an ƙirga ta sau biyu ke nan.

hajiya_falaki: Injiniya ya yi gaskiya, amma kada adadi ya shiga samfuri babu ma'auninsa. Kumbon NASA mai suna Mars Climate Orbiter ya salwanta a Satumban 1999 saboda manhajar ƙasa ta kamfanin Lockheed Martin na fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam, masu tuƙin kumbon a cibiyar JPL ta NASA suna karantawa da newton, bambancin ninki 4.45. Ya kusanci Mars zuwa kimanin kilomita 57 maimakon 226 da aka tsara. Takardar yarjejeniya ta ce newton, sai dai babu na'urar da ke tilasta hakan. A SysML ɗaure kowane adadi da ma'aunin ISO 80000 (ƙa'idar ma'aunai ta duniya), a sa binciken atomatik ya ƙi wanda ya saɓa.

tashar_ƙasa: Telemetiri a rubuta shi sau ɗaya da XTCE, tsarin rubuta bayanin telemetiri na CCSDS (kwamitin ƙa'idojin bayanan sararin samaniya): tsawon bit, jerin bayit, lissafin mayar da ɗanyen adadi zuwa volt. Daga nan a samar da rubutun (code) manhajar tauraron, Yamcs kuma, manhajar sarrafa tauraro daga ƙasa, ya karanta fayil ɗin kai tsaye a ƙasa.

Batun manhaja, Capella kyauta ne kuma tsarin aikinsa, Arcadia, na jan hannun sabon shiga. SysML v2 yana da rubutaccen salo da ke zama lafiya a Git, manhajar bin diddigin canje-canjen fayil. Ƙaramar tawaga kada ta ce sai ta zana komai. Nauyi, wuta da mahaɗan sassa sun isa har bitar farko ta zanen ƙira (PDR).