An tsayar da motocin igiya, me ya sa dusar ƙanƙara ta ci rayuka da yawa?

Malam Habibu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, musamman mazauna kusa da tsaunukan Alps. Tun watan Nuwamban 2020 nake bin taƙaddamar da ƙasashen Turai suka yi a kan buɗe wuraren wannan wasa ana tsaka da annobar korona. Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ta nemi a rufe su a faɗin Turai har zuwa farkon Janairu, Faransa da Italiya suka tsayar da motocin igiyar da ke kai mutane saman tsauni, Suwizalan ta ce ba da ita ba, Ostiriya kuma ta buɗe nata ranar 24 ga Disamba amma ta bar otal-otal a rufe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a wannan hunturun ne na fi jin labarin zaftarewar dusar ƙanƙara tana binne mutane, har a Amurka kaɗai aka ƙirga mutum 37. A nawa tunanin, idan masu hawa sun ragu, ai kamata ya yi hatsari ya ragu. Ina ne lissafina ya kuskure?

Malama Rakiya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Kuskuren yana wurin zaton cewa masu hawa sun ragu. Gwamnatin Faransa inji ta kashe, amma tsauni ba shi da ƙofar da za a garƙame. Ina zaune a Grenoble da ke Faransa, kuma a ranakun Asabar na watan Janairu, da ƙyar mutum ke samun wurin ajiye mota a gindin tsaunukan da ke kewaye da garin. Mutane sun koma hawa da ƙafa. Akwai wani ƙyalle mai gashi da ake mannawa a ƙarƙashin katakon zamiya, gashin ya kwanta ta fuska ɗaya, don haka katakon yana sulalewa gaba amma ba ya komawa baya. Da shi mutum zai yi ta jan ƙafa awa biyu ko uku yana haki, idan ya kai sama ya ɓare ƙyallen ya naɗe a jaka, ya sauko cikin 'yan mintoci. Na je neman hayar irin waɗannan kaya a wani shago, mai shagon ya nuna mini bango babu komai sai ƙusoshi, ya ce in dawo bayan mako biyu.

A shekarar da komai ke tafiya daidai, ma'aikatan wurin wasa suna fita tun da asuba su tayar da nakiya a gangaren da suke zargi, su sauke dusar da gangan kafin a buɗe wa jama'a. Wanda ya saba wasa a irin wannan wuri bai taɓa buƙatar sanin halin dusar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba, domin wani ya riga ya duba masa. Irin waɗannan mutane ne da yawa suka fantsama cikin gangaren da babu wanda ya taɓa shi.

Malam Auwalu ya amsa:

Malama Rakiya, bayaninki ya yi daidai da Faransa, sai dai bai isa ya warware na Amurka ba. A can motocin igiya sun yi aiki, illa dai kamfanoni irin su Vail Resorts sun sa dokar kama gurbi tun kafin ranar zuwa. Kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasu a jihohi irin su Colorado da Utah ƙwararru ne da suka daɗe suna hawa. Ni a wurina babban mai laifi ita ce dusar kanta.

Abin da ya faru shi ne dusa ta sauka kaɗan a farkon hunturu, sannan aka daɗe ana tsananin sanyi babu ƙari. Idan shimfiɗar dusa ba ta da kauri, ƙasa tana da ɗan ɗumi sama kuma tana da sanyi, sai tururi ya riƙa ratsawa ta cikinta yana sauya kamannin ƙwayoyin. A ƙarshe su zama garas-garas kamar sukari, idan ka damƙa a hannu ba za su dunƙule ba. Da dusa mai nauyi ta zo a Janairu da Fabrairu, sai ta kwanta a kan wannan ruɓaɓɓen tushe ta zama falle guda mai tauri. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya fasa shimfiɗar ƙasan, tsagar ta gudu a ɓoye ta yanki gangare gaba ɗaya, wani lokaci ma mutumin yana tsaye can ƙasa a shimfiɗaɗɗen wuri. Irin wannan rauni yana iya ɗaukar makonni, har watanni, bai warke ba, kuma daga sama ba a ganin komai sai fari mai kyau.

Ma'aunin hatsarin yana da matakai 5, amma a mataki na 3 aka fi mutuwa, saboda a na 4 da na 5 kowa yana jin tsoro ya zauna a gida. Gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45 shi ya fi zaftarewa, kuma abin takaici shi ne ya fi daɗin zamiya. Wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, bayan haka dama tana raguwa da sauri, shi ya sa na'urar gano wanda aka binne da sandar laluben cikin dusa da shebur ba su da amfani sai a hannun abokin tafiya da ya koyi aiki da su.

Malam Habibu ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To amma tun da wasan a fili ake yin sa, iska tana kaɗawa, mene ne dalilin rufewar tun farko?

Alhaji Garba ya amsa:

Ɗan'uwa Habibu, ba zamiyar aka ji wa tsoro ba, abin da ke biye da ita ne. Al'adar waɗannan ƙauyuka ita ce da an sauko da yamma sai a cika mashaya maƙil ana kiɗa da rawa, takalman wasa na ƙafa. A haka cutar ta bazu a Ischgl da ke yankin Tirol na Ostiriya. Tun ranar 5 ga Maris 2020 Iceland ta sa garin cikin wurare masu hatsari bayan matafiyanta sun koma da cutar, amma sai ranar 13 ga wata aka killace kwarin da garin yake ciki, baƙi suka yi rububin ficewa suka kai ta ƙasashensu. Wannan tabo ne ya bi harkar duka. Dalili na biyu kuwa gadon asibiti ne, domin kowane hunturu asibitocin yankin suna cika da masu karaya, ga kuma masu korona.

Duk da haka, ina ganin an wahalar da mutanen tsauni fiye da kima ta hanyar jan rai. A Italiya an sa ranar 15 ga Fabrairu 2021 don buɗewa, masu otal suka sayo abinci, aka kira ma'aikata, aka daddale hanyoyin zamiya, aka sayar da tikiti. Da yammacin ranar 14 ga wata ministan lafiya Roberto Speranza ya sa hannu a ɗage zuwa 5 ga Maris, kuma daga nan ba a buɗe wa jama'a ba har dusar ta narke. A daidai wannan makon ana gasar duniya ta wasan zamiya a Cortina d'Ampezzo da ke Italiya, 'yan wasa suna saukowa a guje babu ɗan kallo ko ɗaya a bakin hanya.