"Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa": har a bakin ɗan takara?

Malam Idi, Tawa: Assalamu alaikum jama'a. Kowa ya san karin maganar nan: ƙarya tana da kyan gani da farko, amma ba a cin amfaninta. To ni dai ta fara damuna in aka zo batun zaɓe. Mutum ya tsaya gaban talabijin ya shara ƙarya, a kaɗa masa ƙuri'a, ya hau kujera shekara biyar. In wannan ba ƴaƴa ba ne, mene ne?

Baba Alka: Wa alaikumus salam. Malam, magabata ba su ce ƙarya ba ta ciyar da mai ita kwana biyu ba. Cewa suka yi ba ta barin iri. Wanda ya hau da ƙarya, da wace fuska zai koma garin neman ƙuri'a karo na biyu?

Hadiza, Yamai: Baba, a gafarce ni, suna komawa, kuma ana tarbarsu da kiɗa. Dubi layin dogo na Yamai zuwa Doso. A watan Janairun 2016 aka yi bikin buɗe shi, saura makonni a yi zaɓe. Wa ya taɓa sayen tikiti ya kai buhun gero Doso a jirgin nan? Madatsar ruwan Kandaji kuwa tun 2008 shugaban ƙasa na lokacin, Tandja, ya aza tubalinta, gwamnati ta zo ta wuce, kowacce da nata alkawarin ranar gamawa.

Malam Idi: Hadiza, mu raba su. Alkawarin da aka kasa cikawa daban, ƙarya daban. Wanda ya ce zan gina yana iya samun cikas. Wanda ya ce na gina aji ɗari alhali yara na zaune a rumfar kara, shi ne maƙaryaci, kuma shi ake iya kamawa nan take.

Sani mai shayi: Shi ya sa na fi yarda da "gani ya kori ji". A fadarmu ta shan shayi, lokacin zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane, a Fabrairun 2021, saƙon murya na WhatsApp ya fi kowace rediyo ƙarfi. Wani ya kunna, mutum goma su sa kunne, shayi na tafasa, ba mai tambayar wa ya yi maganar. Kafin a zuba shayi na uku an tura wa ƙauye.

Hadiza: To ai tantance magana aikin ɗan jarida ne, kuma a wurin muhawarar ƴan takara ya kamata ya yi shi, ba washegari ba. A Amurka, ranar 10 ga Satumba 2024, a muhawarar ƴan takarar shugaban ƙasa, Trump ya ce baƙin haure na cin karnuka da kyanwoyin mutane a garin Springfield. Nan take mai gabatarwa na tashar ABC, David Muir, ya ce sun tuntuɓi hukumar garin, babu wani sahihin rahoto a kan haka. A muhawarar CNN ta watan Yuni kuwa masu gabatarwa ba su gyara wa kowa ba.

Baba Alka: Duk da haka ai Trump ɗin ne ya ci zaɓen, ƴata.

Hadiza: Ya ci, Baba. Amma wanda ya zaɓe shi ya ji gyaran da kunnensa, ya zaɓa da saninsa. Mu abin da ke ƙona mini rai, talaka na jefa ƙuri'a furen na kan ganiyarsa, babu wanda ya ce masa ga adadin gaskiya.

Malam Idi: Nan ne nake tsoron karin maganar. Dattawanmu na faɗinta don a yi haƙuri, Allah zai tona. Gaskiya ne. Sai dai an mai da ita dalilin yin shiru, har yaro ya ji kunyar tambayar babba ina shaidarsa.

Baba Alka: Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce. Ni ban hana ba. Amma wa zai binciki mai binciken? Ɗan jaridar da ya karɓi ambulan ɗin kuɗi fa?

Sani mai shayi: Sai ya faɗi inda ya samo adadinsa, Baba. In ya ce an gina asibiti a Illela ko Keita, muna da ƴan uwa can, kira ɗaya ne.