"Valeurs normales" da ke kan takardar awon jini, mi za mu ce masa da Hausa?

Jama'ar Tawa salama alaikum. Duk wanda ya taɓa karɓar rezilta daga laburatuwar ya san layin nan na gefe da aka rubuta valeurs normales ko valeurs de référence, kuma mu da muke karanta ma iyayenmu takardun nan kowa da fassararsa, shi ya sa nake son mu tsaya kan kalma guda.

Na farko dai don Allah a bar cewa "jininki ya hau". Tsohuwa na jin haka sai ta ɗauka hawan jini ne, tansiyo, ta bar gishiri ta shiga damuwa, alhali sukari ne ko créatinine ta ƙoda aka auna.

Wani malamin lakwal ya kawo "adadin lafiya". Da daɗin faɗi amma ban yarda ba, don yana nufin duk wanda ya fita daga ciki ba shi da lafiya, kuma ba haka abin yake ba. Yawancin iyakokin nan masu lafiya ake aunawa a ɗauki inda 95 cikin 100 suka faɗa, ke nan 5 cikin 100 lafiyarsu lau amma lambarsu na waje. Ga kuma abubuwan da ke ɗaga lamba ba ciwo ba, mutum ya biya fada ya sha shayi mai sukari da safe sannan ya tafi awon glycémie, wato sukarin jini, ko a zafin Afrilu jiki ya bushe bai sha ruwa ba ga kilishi da ya ci da dare créatinine ta ɗan motsa, ko kwalbar jinin ta daɗe a ajiye ƙwayoyin jinin suka fashe potassium, wani sinadari da ke cikinsu, ya fito sama. Sai wanda ya fi damuna, ƙwayoyin ƙiba irin dexaméthasone da 'yan mata ke saye a tebur, suna ɗaga sukari da fararen ƙwayoyin jini, kuma ba mai faɗa ma likita tana sha.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce "mizani". Ya fi, sai dai mizani abu guda ne, wannan kuwa baki biyu gare shi, na ƙasa da na sama, kamar sukari 0,70 zuwa 1,10 g/L, wato gram cikin litar jini.

Ni "iyakar kwatance" na zaɓa, in lamba ta wuce a ce "ta haura iyaka". Kwatance ne kawai ba hukunci ba. Ciwon sukari ma sai an samu 1,26 ko fiye har sau biyu, ciki ba abinci awa 8, kafin likita ya tabbatar. Kuma kowace takarda da iyakarta, wanda ya yi awon sukari a Sakkwato, inda ma'aunin ya bambanta, yana iya ganin 5,5 ko 100 hankalinsa ya tashi, alhali duk 1 g/L ne a namu lissafin. Amma fa ba cewa nake a share ba, lambar hanta da ta ninka ko sukarin da ya kai 2 g/L ana ƙishi ana yawan fitsari, wannan a koma wajen likita ranar.

In ba mai ja mun tsaya nan. Saura à jeun, wato zuwa awo ciki ba abinci, don in aka ce "azumi" mutane har ruwa suke ƙin sha, alhali ruwa zalla ba ya ɓata awon. Mi kuke cewa a gidajenku?