Jatan landena sun daina girma bayan na sauya musu abinci

Assalamu alaikum. Ina kiwon jatan lande na ruwan daɗi, nau'in Macrobrachium rosenbergii, a tafkin ƙasa, kuma girmansu ya tsaya tun da na koma ba su abincin da nake haɗawa da kaina. Furotin ɗinsa ya kai kusan kashi 30 cikin 100, sai dai na maye gurbin rabin garin kifi da garin waken soya.

Zafin ruwan yana tsakanin digiri 28 zuwa 30, iskar oksijin kuma ba ta yi ƙasa ba ko da asuba. Na ƙara yawan abincin, ruwa ya gurɓace. Na raba abincin safe da yamma, babu canji. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin abincin suna narkewa cikin ƙanƙanin lokaci, alhali jatan lande a ƙasan tafki suke ci, a hankali, galibi da dare. Yanzu 'yan manyan maza kaɗan ne ke ƙiba, sauran sun tsumbure, har 'yan uwansu suna cinye waɗanda suka yi saɓa, wato suka sauya ɓawo.

Shin yawan waken soyan ne ya hana su girma, ko saurin narkewar abincin ne ya kamata in fara gyarawa?