Dan Allah a warware min rikicin "borrow me" da su in, on, at

Ɗan_Agege:
Salamu alaikum jama'a. Abin nan tun jiya yake ci na, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai fitar da ni. Ina aiki a wani shagon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, jiya wata kwastoma ta kawo wayarta, cajarmu kuma ta ƙi kawo wuta sai na ce mata "please borrow me your charger", wallahi matar nan ta kalle ni ta yi dariya ta ce ai "lend" ake cewa, gaban yaran shago fa, har yanzu suna tsokanata. Da yamma kuma zan kai mata wayar na rubuta mata "I am in the bus stop" ta sake gyara min wai "at". Ni a Funtuwa na yi sakandare kuma na ci Turanci, sannan duk Legas ɗin nan kowa borrow me yake cewa, to wai ita ce ke da gaskiya ko iyayi ne kawai?

Ticha_Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanina. Gaskiyarta ce, sai dai gyara a gaban mutane ba tarbiyya ba ce. Abin da ya sa muke faɗawa ramin nan daga Hausarmu ne, duba mana, kana cewa "ara min cajarki" kana kuma cewa "na ari cajarta", tushen kalmar ɗaya ne ƙarshenta kawai muke juyawa, haka saya da sayar, haka koya da koyar. Shi Bature kowanne kalma daban ya ba shi, buy da sell, learn da teach, borrow da lend. Mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend. Kenan ko ka ce "lend me your charger" ko ka ce "can I borrow your charger", duk daidai ne, amma borrow me kam babu shi a Turancin makaranta.

Batun in, on, at kuma laifin ɗan ƙaramin "a" ɗinmu ne da yake aikin mutum uku, a Legas, a titin Ikorodu, a tasha, duk a ne. Su kuwa in Lagos, on Ikorodu Road, at the bus stop. Gari ko ƙasa ko abin da ya kewaye ka in, titi ko abin da kake samansa on, ɗan wurin da za ka nuna da yatsa ka ce nan at. Lokaci ma haka ake saukowa daga babba zuwa ƙarami, in 2024, on Monday, at five. Abin hawa ne mai ban haushi, in the car amma on the bus, on the train. Ni yarana na aji nakan ce musu in za ka iya miƙewa tsaye ka taka a ciki to on ne, sai wani ya ce Malam danfo fa, ai ko zama da ƙyar ake yi. Ban da amsa, danfo dai on the bus ce ko da gwiwarka na taɓa haɓarka.

Maman_Biyu:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Ni you ce matsalata, mu muna da ka da ki da ku, su duk you, mace da namiji da taron jama'a. Ranar nan na je taron iyaye a makarantar yarana ina so in ce ku malamai kuna ƙoƙari sai na ce "you people", kawai na ga fuskoki sun canza, ashe a kunnensu kamar zan fara faɗa ne. Daga baya 'yata ta ce Mama "all of you" za ki ce. Amma fa akwai inda muka fi maƙwabtanmu sauƙi, wata ƙawata Bayerabiya da muke sayen tumatir tare a Mile 12 sai ta ce wa mijinta she, don su a Yarbanci kalma ɗaya ce ta shi da ita. Mu ba ma wannan, namu kuma sai mu mai da mota mace, na taɓa jin direbanmu yana cewa "she no gree start".

Ticha_Idi-Araba:
Hajiya ai da can suna da bambancin mutum ɗaya da jam'i, thou ta mutum ɗaya ce, ye da you na jam'i da girmamawa kamar dai yadda muke ce wa babba ku. A hankali wajen ƙarni na 17 thou ta fita daga maganar yawancin mutane, you ta haɗiye komai.

Direban_Apapa:
Ni fa Malam ban yarda a tsorata yaron nan ba. Shekarata goma sha ina jan tirela a tashar jirgin ruwa, ka je ka ce wa ɗan kamasho "could you lend me" ka gani in bai ninka maka kuɗi ba, zai ɗauka yau ka sauka daga Ingila. Burokin yare ne mai zaman kansa kuma shi ke ci da mu a garin nan. Sau ɗaya dai na ji kunya, wani Bature a kamfanin da muke sauke kaya ya kira ni in sa hannu a takarda, lokacin an tada sallar La'asar na ce masa "I am coming" na juya na tafi masallaci, ni ina nufin ina zuwa irin tamu. Na dawo bayan minti ashirin na same shi tsaye da biro a hannu fuska ta yi ja, yana tambayar yaransa wane irin mutum ne zai ce yana tahowa alhali bayansa ake gani.

Ticha_Idi-Araba:
Hahaha Alhaji "I will be right back" yake jira. Kuma ban musa maka ba, a tasha yi na tasha, amma wannan yaron rubutu yake yi wa kwastomomi, gobe kuma ƙila ya zauna jarabawar WAEC ko ta neman aiki, can mai maki ba ruwansa da yadda ake faɗa a Oshodi. Ƙanina abin da zai fisshe ka, kar ka haddace kalmar aiki ita kaɗai, riƙe ta da ɗan rakiyarta, listen to, wait for, reply to, depend on. Wasu kuma ba sa son rakiya sam, discuss ba ta ɗaukar about, enter ba ta ɗaukar inside.

Ɗan_Agege:
Na gode ƙwarai Malam, Hajiya da Alhaji ma na gode. Ɗazu ta sake turo ƙanwarta da wata wayar na rubuta "I am waiting for you at Ikeja Along" ba wanda ya gyara min komai. Saura ɗaya, me ya sa in the morning, in the evening, amma at night?

Ticha_Idi-Araba:
Wannan kam haka muka tarar da shi, haddace kawai.