Neman shawara: in shiga harkokin 'yan ajinmu ko in ci gaba da zama a gefe?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Kuseri ce a arewacin Kamaru, bana na shiga wata ƙaramar makarantar koyon aikin jinya a Marwa, ina zaune wurin gwaggona a unguwar Kakatare. Ajinmu bai kai mutum arba'in ba, Hausawa mu uku ne kacal, sauran Fulani ne da Tupuri da Mafa da 'yan kudu da 'yan Cadi. Ranar da zan taho Baba ya ce karatu ya turo ni, ba yawo ba. Shi ya sa ana tashi nake tarar kilando, wato ɗan acaɓa, in koma gida.

To ga bikin matasa na 11 ga Fabrairu ya gabato. Delege, wato wakilin ajinmu, ya zagaya da takarda: kuɗin rigar fareti, ƙwallo tsakanin ajujuwa, daren al'adu inda kowace ƙabila za ta kawo abincinta da rawarta, bayan biki kuma a ɗauki mota a je dutsen Mindif. Ban sa sunana a ko ɗaya ba. Yanzu Hajiya Ba-shiga suke kirana. Satin da ya wuce aka sauya lokacin gwaji, kowa ya sani sai ni, don ba na cikin zaurensu na WhatsApp. Abin ya fara damuna. In shiga? In kuwa zan shiga, da wane baki zan faɗa wa Baba?

Wata ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Irin makarantarki na yi, bari in gaya miki abin da ba a rubuta a allo. A babbar jami'a kina iya ɓacewa cikin ɗaruruwan mutane ki gama lafiya. A aji mai mutum talatin da wani abu, waɗannan da kike gudu su ne za a raba ku tare zuwa asibitoci koyon aiki, da su za ki yi gadin dare, su za su riƙe miki fitila in wuta ta ɗauke kina neman jijiya a hannun yaro. Ranar da gwaggo ta kwanta rashin lafiya kina son wanda zai karɓe ki, wa za ki roƙa? Sannan ga harshe. Ke 'yar Kuseri ce, na san Larabcin Shuwa kike ji. A Marwa tsohuwar da aka kawo daga ƙauye da Fulatanci za ta faɗa miki inda ke mata ciwo, ba da Faransanci ba, kuma babu malamin da zai koya miki shi. A bakin 'yan ajinki za ki tsince shi, wurin hira da cin ƙosai a ƙarƙashin darbejiya lokacin hutu. Ki raba abin gida biyu, na rana da na dare. Na rana ki shiga da lulluɓinki, babu mai cire miki shi. Kuma yau ɗin nan ki ba delege lambarki.

Wani uba, Ngaundere:
'Yata, ki riƙe maganar mahaifinki. Na yi shekaru ina sayar da kaya a Dang, kusa da jami'a, idona ya ga 'yan mata da suka zo da tarbiyyarsu, da fareti aka fara, aka ƙare a ɗakunan haya. Sunan da suka sa miki ba ya fasa jiki. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Tsohon ɗalibin Jami'ar Marwa:
Baba, a yi min afuwa, amma Dang daban. Can yara suna nesa da gari wajen kilomita 15, babu idon kowa a kansu. Wannan kuwa a ɗakin gwaggonta take kwana.

'Yar'uwa, gaskiyar Baba a wuri ɗaya take, kuma gara ki san wurin. Tun da aka buɗe jami'a a 2008 garin ya cika da ɗalibai, kuma duk shagalin da aka fara a makaranta, in dare ya yi a mashayar unguwar Domayo ake ƙarasa shi. Daren al'adu yakan fara da la'asar da abinci da rawar gargajiya, malamai suna zaune a gaba. Bayan isha'i malamai su tafi, a sauya kiɗa, a fito da bilbil, wato giyar gargajiya, da kwalabe. Ki zo da wuri, ku ukun nan ku haɗa kuɗi ku yi tuwo da miyar kuka ko dambu, ga folere, wato zoɓo, mai sanyi, ki ci na wasu in halal ne, ki yi dariya, kafin a kira magariba ki kama hanya. In wani ya ce a je a ƙarasa a wani wuri, ki ce gwaggo na jira. Kwana biyu za su saba.

Mindif kuwa ba nisa, wajen kilomita 25 ne kudu da gari. Ki tambaya ko akwai malami a motar da lokacin dawowa. Ki ɗauki katin shaidarki saboda shingen jami'an tsaro, da ruwa mai yawa, da takalmi rufaffe, don silifas ba ya taka dutsen nan. Kada ki biye wa samarin da za su ce sai sun kai ƙololuwa, a gindinsa ake zama a ci abinci a ɗauki hoto. Amma in wata rana aka ce gandun dajin Waza ko wajen iyaka, wannan sai da yardar Baba ƙarara, kin fi ni sanin halin hanyar.

Wata ɗaliba 'yar Njamena:
Ni ma haka na yi shekarar farko, har ciwon kai ya kama ni don kaɗaici. Abin da ya cece ni adashi ne da 'yan mata biyar na ajinmu, ranar Asabar mu haɗu gidan mai kwasa, a dafa shayi, a yi bitar darasi. Ba sai an je rawa ake samun ƙawaye ba.

Wata uwa, Marwa:
Duk kun bar tambayarta ta biyu. 'Yata, kada ki ɗauki waya ki ce wa babanki kina son zuwa biki, da jin kalmar zai rufe maganar. Ki bi ta wurin gwaggonki, ita ce 'yar'uwarsa, ta san ƙofar da ake shigar masa. Kafin nan ki gayyato 'yan mata biyu ko uku na ajinku gida, har da waɗanda ba Musulmi ba, su gaishe ta, su ci abinci a tirenta. Babba ya fi tsoron abin da bai gani ba. Ki kuma faɗa mata zancen gwajin da aka sauya ba ki sani ba, wannan shi zai taɓa babanki, don kuɗinsa ne a ciki. Faretin ma a gaban hukumomi ake yi da rana tsaka, gwaggo ta je ta kalle ki.

Wani ɗan Kuseri:
Hajiya Ba-shiga, in za ki yi dambun nan a sanar da mu, mu ma ɗalibai ne a zuci.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ba delege lambata ɗazu, har ya ce ashe ina magana. Mama, na gayyaci biyu ranar Lahadi, ɗaya Bafulatana ɗaya 'yar Tupuri. Mindif dai na bar shi sai abin da Baba ya ce. Yaya ta Garwa, rigar faretin gajeren hannu ce, ana barin mutum ya sa doguwa a ciki ko sai na nemi izini?

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Mu farar doguwa muke sawa a ciki, da farin ɗankwali, ba wanda ya taɓa hana mu. Amma ki faɗa wa malamin da ke koya muku maci tun yanzu, kada ki bari sai ranar.